Amsa ga mai tambaya a kan manhajar da za ta adana kaset da takardun malam

Wa'alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka tun shekaranjiya, ban so in ba ka amsar tsaitsaye ba shi ya sa na bari sai da na samu zama. Bari in maimaita ta a taƙaice saboda waɗanda ba su gani ba. Ka ce kai ne sakataren kwamitin makarantarku a unguwar Aboabo ta Kumasi, kuna da kaset na tafsirin marigayi malam wajen 300, da akwati biyu na takardun ajami da na larabci, da tsofaffin rajistar ɗalibai da aka buga a kwamfuta, sai wani kamfani ya zo ya nuna muku manhajar da za ta riƙe komai har abada in dai kuna biya duk shekara, kwamiti kuma ya ɗora maka nauyin bincika wacce manhaja ce ta fi. Allah ya jiƙan malam da rahama, ku kuma ya saka muku da alheri da kuka tuna da wannan aiki tun kaset ɗin suna juyawa.

Toh abu na farko, dan Allah kar ku biya kowa tukuna. Ba don ina zargin masu kamfanin ba, wataƙila mutanen kirki ne, amma kalmar "har abada" babu ita a harkar manhaja. Na shafe shekaru ina wannan aikin, kuma abin da na gani da idona shi ne manhaja ce ke fara mutuwa, fayil ya rage yana neman wanda zai buɗe shi. Saboda haka tambayar da ya kamata ka kai wa kwamiti ba "wacce ta fi kyau" ba ce, tambayar ita ce ranar da wannan manhajar ta mutu, ko muka kasa biya, ko kai sakatare ka yi tafiya, yaya za mu kwashe kayanmu cif-cif mu koma wata? Duk sauran abin da zan faɗa a ƙarƙashin wannan yake.

Ba sabon abu ba ne. A 1986 BBC ta yi wani gagarumin aiki a Ingila don cikar shekara 900 da wani kundin ƙidayar ƙasa da aka rubuta a 1086, mutane sama da miliyan ɗaya suka sa hannu, da yawansu 'yan makaranta, aka zuba hotuna da taswira da rubutu a kan manyan faifan leza guda biyu masu buƙatar na'ura ta musamman da kwamfuta ta musamman. Shekara 15 kacal aka fara rasa na'urar da za ta karanta su, sai a 2002 masana daga jami'o'in Leeds da Michigan suka yi wahala suka farfaɗo da shi, alhali shi tsohon kundin na kan fata yana nan ana karantawa. Flash, manhajar kunna bidiyo da wasanni da rabin intanet ke tsaye a kansa a da, Adobe ta daina kula da shi a ƙarshen 2020. MySpace kuwa, wani dandalin sada zumunta, a 2019 suka fito suka ce wajen canja saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe kayan shafi, sun rasa kayan da mutane suka ɗora na sama da shekara goma, an ruwaito waƙoƙi kimanin miliyan 50 ne suka salwanta. Waɗannan fa masu kuɗi ne da injiniyoyi.

Ni kaina an taɓa kirana wata ƙungiya a nan Kumasi, ba zan ambaci suna ba, sun yi shekara bakwai suna shigar da bayanan takardunsu a wata manhajar da suka saya, mai ɗan makulli da ake soka wa a jikin kwamfuta kafin ta buɗe. Kamfanin ya rufe, makullin ya lalace. Hotunan takardun suna nan a faifai amma manhajar ta canja musu suna zuwa lambobi marasa ma'ana, bayanin wace takarda ce, wa ya rubuta, daga gidan wa aka karɓo, duk yana cikin wani rumbun bayanai da aka kulle. Wata uku muka yi muna buɗe hoto ɗaya-ɗaya wani dattijo yana zaune kusa da ni yana cewa wannan hannun wane ne, wannan ban sani ba. Waɗanda bai sani ba har yau ba a sani ba, kuma shi ma ya rasu, Allah ya jiƙansa. Har yanzu in na tuna abin yana min ciwo. Kayan aro ba ya rufe katara.

Saboda haka ga gwajin da nake wa kowace manhaja, kai ma ka yi wa masu kamfanin nan, kuma a gabanka ba a ofishinsu ba. Ka ba su fayil 20, sauti da hoto da rubutu, ka tabbata akwai bayanin da ke da ƙ da ɗ da ɓ a ciki, akwai na larabci, akwai na ajami. Su shigar. Sannan ka ce su fito maka da komai a filash, ka kai wata kwamfutar da ba ta da manhajarsu kuma ba ta kan intanet. Ka duba abu uku: fayil ɗin sun dawo da sunansu da girmansu ba a matse su ba? Bayanan sun fito a zubin da kowa ke iya buɗewa kamar CSV ko XML? Haruffan sun dawo daidai ko sun koma alamar tambaya da ƙananan akwatuna? In sun ce fitarwa sai an biya wani kuɗi daban, ko sai dai a sauke fayil ɗaya bayan ɗaya, ko su fara cewa ai ba ku buƙatar wannan, toh ka samu amsarka. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ka kuma nemi a rubuta a yarjejeniya kwana nawa za su riƙe kayanku bayan kun daina biya, da kuma a wane kuɗi ake biyan. In da dala ne ka tuna wa kwamiti 2022, dala ta fara shekara a wajen sidi 6 ta haura 13 kafin shekarar ta ƙare, makarantar da ke rayuwa da taimakon jama'a ba za ta iya ɗaure kanta da irin wannan ba.

Yanzu ainihin maganar. Adanawa ba aiki ɗaya ba ne, ayyuka ne wajen biyar ko shida, kuma ni ra'ayina gara kowane aiki a ba shi ƙaramar manhajarsa da ke yin abu ɗaya ta yi shi da kyau, ta yadda in ɗaya ta mutu a cire ta a sa wata ba tare da an taɓa fayil ba. Kamar tsohuwar trotro ce, ana canja mata taya da batir da gilas ɗaya-ɗaya tana ci gaba da ɗaukar fasinja, amma motar da komai nata a narke yake wuri ɗaya, ƙaramin abu ya lalace sai a jingine ta.

Zubin fayil shi ne tushe, ya fi zaɓin manhaja muhimmanci nesa ba kusa ba. Kaset ɗin ku ɗauke su a WAV, zubin sauti da ba ya matse komai. Ƙungiyar ma'adanan sauti ta duniya, IASA, ta ba da shawarar kar a gaza 48 kHz da 24 bit, wato ma'aunan ingancin ɗaukar sauti, manyan ma'adanai da yawa ma a 96 suke ɗauka. Ga lissafin don ka san faifan da za ka saya: awa ɗaya a 48 da 24 mai hanya biyu tana cin GB ɗaya da 'yan kai, kaset mai minti 90 wajen GB ɗaya da rabi ke nan, kaset 300 bai kai GB 500 ba. A 96 kuma ka ninka. Ga muryar tafsiri a kaset 48 ta ishe ku. Manhajar ɗaukar sauti ta Audacity kyauta ce kuma tana yin wannan aikin sarai. Amma kar ku sayi irin ƙananan rediyon roban nan da ke juya kaset kai tsaye zuwa MP3, ku nemi dek, wato na'urar kunna kaset ta gaske, mai kyau a goge kansa a saita shi, don abin da dek bai ɗauko ba babu manhajar da za ta dawo da shi. Kuma ku yi sauri da wannan ɓangaren, tun 2019 UNESCO da IASA suka yi gargaɗi cewa na'urorin kunna tef da kayan gyaransu suna ƙarewa a duniya, ga damshin Kumasi da ke sa tef ya yi fumfuna ya manne. Fayil na asali kar a taɓa shi, kar a cire masa ƙara, kar a yanke tarin malam ko kukan zakara, a bar shi yadda ya fito. Daga jikinsa sai a yi MP3 na rabawa, a nan ne za ku gyara yadda kuke so. In wuri ya yi muku kaɗan akwai FLAC, yana rage girma ba tare da zubar da komai ba kuma ƙa'idarsa a buɗe take.

Takardun kuma a ɗauki hotonsu a zubin TIFF, mai launi, ko da kuwa tawadar baƙa ce, saboda jan wasali da launin takarda da tabon ruwa duk shaida ne ga mai bincike. Shafi mai girman A4 a ɗigo 300 a kowane inci yana kai MB 26, shafi 2,000 ke nan bai wuce GB 52 ba sosai. Takardun malamanmu yawanci warwatse suke ba ɗinki, a cikin gafaka, toh ku ɗauke su a jeren da kuka same su kar wani ya ce bari ya shirya su tukuna, ku ɗauki gafakar ita ma, da 'yan rubuce-rubucen gefe. JPEG da PDF na rabawa ne. Rubutun da aka gama shi kamar rahoto ko wasiƙa a ajiye shi a PDF/A, wanda ya zama ƙa'idar ISO a 2005, shi yana tilasta a cusa haruffan rubutun cikin fayil ɗin don kar ya dogara da abin da ke kan wata kwamfuta.

Af, kafin in manta, duk hoton da ya bi ta WhatsApp a matsayin hoto an riga an matse shi an share bayanan da kyamara ta rubuta a jikinsa. Kar ya zama shi ne na ajiya. A ciro daga wayar da kebul ko a tura shi a matsayin dokumen.

Rajistar ɗaliban nan ita ta fi ba ni tsoro, kuma a nan nake so ka natsu. Kafin Unicode, tsarin haruffan kwamfuta na duniya, ya yaɗu, masu buga Hausa a kwamfuta suna amfani da wasu fon, wato salon haruffa, na musamman da aka ɗauki wani maɓalli da ba a cika amfani da shi ba aka zana masa ƙ ko ɗ a kai. A ido ƙ ce, amma abin da kwamfuta ta ajiye a ciki wata alama ce daban. Ranar da aka buɗe fayil ɗin a inda babu wannan fon, sai ka ga sunan yaro ya fito da wata baƙuwar alama a tsakiya, ka nemi Ɗanladi a akwatin bincike a ce babu shi. A Unicode kowane harafi yana da lambarsa ta dindindin, ƙ tana U+0199, ɗ tana U+0257, ɓ tana U+0253, kowace kwamfuta a duniya ta san su da haka. Toh in tsohuwar kwamfutar da aka buga rajistar tana nan kar ku yar da ita, kar ku bari wani mai gyara ya yi mata fomat, ku kwafo fayil ɗin tare da fon ɗin, ku buga kwafi a takarda ko PDF don a ga yadda suke a asali, sannan a yi sabon kwafi a maye haruffan da na Unicode a ajiye a UTF-8, zubin ajiye rubutun Unicode. Tsohon da sabon duka a riƙe. Haka in kuna son buga ajami a kwamfuta, ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL ta yi fon irin su Alkalami da Harmattan don rubutun yankinmu, kyauta ne kuma a kan Unicode suke, sai ku ajiye kwafin fon ɗin kusa da fayil. Duk wanda kuma ya ce manhajarsa za ta karanta rubutun hannun malam na ajami ta mayar da shi bugu, ka miƙa masa shafi ɗaya ya yi a gabanka ka kira almajirin malam ya duba.

Sai hatimi. Wannan shi ne abin da mutane ke tsallakewa kuma shi ne bambancin adanawa da tara kaya kawai. Fayil yana iya lalacewa shiru, wajen kwafa, ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, ko faifai ya fara tsufa, sunan yana nan girman yana nan amma cikin ya taɓu, kai kuma kana ta kwafar gurɓataccen kana rabawa. Maganin shi ne a lissafa wa kowane fayil wata doguwar lamba daga abin da ke cikinsa, wadda aka fi amfani da ita SHA-256 ce mai alamomi 64, ko ɗigo ɗaya ya canja a fayil lambar gaba ɗaya za ta canja. Kamar yadda masu haddar Alƙur'ani ke yin muraja'a ne a gaban wani don kar kuskure ya zauna ba a sani ba. Akwai wani tsari mai sauƙi da ake kira BagIt, ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka da na jami'ar Kalifoniya suka fito da shi, ya zama rubutacciyar ƙa'ida a 2018. Ba wani abin mamaki ba ne, folda ce kawai, kayanka suna ciki, a gefe kuma akwai ɗan fayil na rubutu zalla da ya jera sunan kowane fayil da lambarsa. Abin da ya sa nake son sa shi ne ko duk manhajojin BagIt sun ɓace daga duniya, mutum zai buɗe wannan jerin da Notepad ya gane abin da ake nufi. Irin wannan ake nema. Duk wata shida a sake lissafi a kan kowane kwafi, wanda ya saɓa a maye shi daga lafiyayye, a rubuta ranar da aka duba da sunan wanda ya duba.

Don sanin ainihin zubin tsofaffin fayil akwai DROID na ma'adanar ƙasa ta Birtaniya, yana duba cikin fayil ba wutsiyar sunansa ba. JHOVE yana duba ko TIFF ko WAV ɗinka lafiyayye ne bisa ƙa'ida, veraPDF kuma na PDF/A. Duk kyauta.

Kundin bayanai kuwa, wallahi ga kaya irin naku tebur na LibreOffice ko Excel ya isa, a riƙa ajiye kwafi a CSV mai UTF-8. Layi ɗaya ga kowane kaset ko takarda: lamba, suna, wa ya yi, yaushe da hijira da miladiyya, a ina, wane harshe, daga hannun wa aka karɓa, wa ya ɗauka da wace na'ura, an yarda a raba ko ba a yarda ba. In ka jera ginshiƙan bisa Dublin Core, wato filaye 15 da aka fara tsarawa a 1995, kusan kowace manhajar ma'adana za ta iya haɗiye teburin nan gaba. Sunan fayil kuma ka bar shi sassauƙa, ba sarari ba harafi mai ƙugiya, kamar tafsir_1414_ramadan_05_A.wav, ƙugiyar a sa ta a cikin tebur. Lambar nan kuma a rubuta ta a jikin kaset ɗin. Wannan aikin ya fi duk sauran gaggawa don yana kan dattawan da suka zauna a gaban malam, su ne za su ji murya su ce wannan shekarar da aka yi kaza ce.

Toh manyan manhajojin fa? Na san za ka ji sunayensu don haka bari in faɗa maka ra'ayina. DSpace, wanda MIT da HP suka fitar a 2002, shi jami'ar KNUST ta Kumasi da jami'ar Gana da ke Legon ke amfani da shi wajen ajiye kundayen bincike, wannan babbar daraja ce don akwai waɗanda suka iya shi a Kumasi, amma yana tsaye ne a kan wasu manhajoji, Java da PostgreSQL da Solr, yana son saba mai kunne dare da rana da mutumin da aikinsa ke nan. Archivematica da AtoM na wani kamfani ne a Kanada mai suna Artefactual, buɗaɗɗu ne, Archivematica yana yin kusan duk matakan da na lissafa da kansa kuma abin da yake fitarwa jakar BagIt ce, wato ƙofar fitarsa a buɗe take, ina girmama shi sosai, sai dai yana son Linux da gwani. Omeka, daga jami'ar George Mason, ya fi su sauƙi kuma yana da kyau wajen baje kaya ga jama'a, amma shago ne ba rumbu ba. Wannan bambancin yana cikin tsarin OAIS, ƙa'idar ISO 14721 da duk masu wannan sana'a ke komawa gare ta: abin da aka karɓa daban, abin da aka ajiye daban, abin da ake miƙa wa jama'a daban. YouTube da Facebook da shafin makaranta duk wurin miƙawa ne. Ku yi amfani da su, amma in sun ɓace gobe bai kamata ku rasa komai ba.

In za ka auna kowace manhaja, har ƙananan, ga abin da nake dubawa. Su waye ke kula da ita, mutum ɗaya ne a lokacin hutunsa ko cibiyoyi da yawa ne ke zuba kuɗi da ma'aikata? Yaushe aka yi mata gyara na ƙarshe, kuma in mutane sun kai ƙorafi ana amsa musu? Lasisinta ya ba ka damar riƙe kwafi ka ci gaba da amfani ko masu ita sun watse? Sannan a kan me take tsaye, don kowace manhaja tana goye da wasu a bayanta waɗanda ba ka gani. A Disamba 2021 aka gano wata ɓaraka a wani ɗan ɓangare da ake kira Log4j, sai ga dubban manhajojin Java a duniya suna buƙatar gyaran gaggawa, masu su da yawa ba su ma san yana ciki ba. A farkon 2021 kuma masu Elasticsearch, wani injin bincike, suka canja lasisinsa, waɗanda suka yi gini a kansa suka shiga tunani. Buɗaɗɗiyar manhaja ba ta nufin ba wahala, tana nufin dai ba a kulle ka ba. Sai tambayoyin gida waɗanda ba za ka gan su a takardun Turawa ba: tana aiki ba intanet? In wuta ta ɗauke tana tsakiyar aiki tana farfaɗowa lafiya? Duk wanda ya ga dumso, yawan ɗaukewar wutar nan ta 2015, ya san wannan ba tambayar wasa ba ce. Kuma akwai mutum biyu aƙalla da za ka iya kira su zo da ƙafarsu su gyara? In mutum ɗaya ne tak ya iya ta, ko da kai ne, a wurina ta faɗi.

Da wannan ma'aunin, shawarata kar ku kafa saba yanzu. Folda masu tsari, jakar BagIt, tebur, da kwafi uku.

Kwafi uku, a kan nau'in ma'aji biyu, ɗaya a wani wuri mai nisa. A Oktoba 2009 gobara ta cinye ginin ma'aikatar harkokin waje a Akra da ɗimbin takardun tarihi, ga ambaliyar 3 ga Yuni 2015, ku kanku a Aboabo kun san abin da ruwa ke yi da damina. Kuma ba wuta da ruwa kaɗai ba, a Oktoba 2023 masu kutse suka shiga babban ɗakin karatu na Birtaniya suka durƙusar da ayyukansa na watanni, shi ya sa lallai kwafi ɗaya ya zama a cire yake daga kwamfuta da intanet, a cikin durowa. Faifai ɗaya a makaranta, ɗaya a gidan wani amintacce a wata unguwa ko ma a Tamale ko Akra, na uku a gajimare, wato ma'ajin intanet, in kuna da hali, da asusun makaranta ba imel ɗin mutum ɗaya ba. Faifan biyu kar su zama kamfani ɗaya da aka saya rana ɗaya. Filash da memori ba wurin ajiya ba ne, suna iya zubar da abin da ke cikinsu in sun daɗe a ajiye ba wuta, ga na jabu da yawa a kasuwa da za a rubuta TB 2 a jiki alhali cikin ɗan kaɗan ne, yana karɓar kaya yana taka na baya. Duk abin da ka saya ka gwada shi da H2testw ko F3 kafin ka zuba komai. CD da ake ƙonawa a gida ma zafi da damshi na cin sa. Ku sa a ranku duk shekara huɗu zuwa biyar za a sayi sabon faifai a kwashe, kar a jira ya fara ƙara, wannan kuɗin shi ya kamata ya shiga kasafin kwamiti a madadin kuɗin haya.

Ku kuma je Legon. Cibiyar nazarin Afirka tana da tarin rubuce-rubucen larabci da ajami da aka tattaro tun shekarun 1960 zamanin Ivor Wilks, har da na Alhaji Umaru na Kete Krachi da ya rasu a 1934, tana kuma da ma'adanar sauti mai sunan Farfesa Nketia. Ku tattauna da su ko za su karɓi kwafi, amma da rubutacciyar yarjejeniya da ta ce mallakar ta iyalan malam ce da makaranta. Akwai kuma shirin tallafin ɗakin karatu na Birtaniya na ceto ma'adanai masu haɗarin ɓacewa, tun 2004 yake ba da kuɗin irin wannan aiki, sai dai sharaɗinsa a buɗe kayan ga kowa a intanet, toh wannan sai iyali sun zauna sun yarda, don cikin takardun malamai akwai wasiƙun mutane da laƙani da sirrin gida da ba na kowa ba. Rajistar ɗalibai kuma tana ɗauke da sunaye da bayanan yara, dokar kare bayanai ta Gana ta 2012 ta shafe ta, kar a ɗora ta a fili ko kaɗan.

Kaset da takardun asali kar a zubar bayan an gama, kar kuma a yi musu lamineshan, zafi da roba suna kashe takarda. A ɗaga su daga ƙasa, nesa da bango mai damshi.

Ga abin da za ka kai zaman kwamiti ranar Lahadi. Ka nemi kuɗin faifai biyu na TB 2, da UPS mai riƙe wuta in an ɗauke, da dek mai kyau da na'urar shigar da sauti, da ɗan alawus na matasa biyu da za su koyi aikin tare don kar ilimin ya tsaya a kan mutum ɗaya. Ku fara da kaset 10 da takarda 50 kawai, ku bi su tun daga ɗauka har hatimi har kwafi uku, sannan ku ba wani da bai san aikin ba faifan ku ce ya nemo muku tafsirin 5 ga Ramadan 1414, in ya samo cikin minti biyu ba tare da ya kira ku ba tsarin ya yi. Duk matakan a rubuta su da Hausa a shafi biyu, kwafi ɗaya a cikin kowane faifai ɗaya kuma a takarda, fasuwod a ambulan a hannun shugaban kwamiti da limami. In masu kamfanin sun ci gwajin fayil 20 ɗin nan kuma farashin a sidi ne, ba laifi ku ɗauke su a matsayin kwafi na uku da wurin rabawa. Ka fara ware kaset ɗin da suka yi fari-fari a gefen tef ko suke warin damshi, kar ka sa su a dek, ka ajiye su daban in na shigo Aboabo bayan Juma'a in sha Allah zan duba su da kaina.